Wutar da Ta Zo ta Baya

Litinin 13 ga Janairu, da hantsi

Nas ta ce in daina tsaya mata a bakin ƙofa, wai ina tare mata hanya, in samu abin yi. Shi ya sa na juya bayan littafin awon ɗinkina ina rubutu, tunda babu keken ɗinki a nan asibiti balle in taka.

Anicet, mijina, yana ciki. Tun ranar Asabar da la'asar bai buɗe ido ba, hannayensa biyu a naɗe har gwiwa. Wuta ce ta jefo shi daga kan falwaya a kwanar gadar Nzemla, yana gyaran wayar da reshe ya tsinka. Abokan aikinsa sun rantse mini kamfanin wuta ya kashe layin tun safe, kuma na yarda da su. Ta ɓangaren gari babu wuta a layin. Ta baya ta zo masa, daga ɓangaren ƙauyenmu, Nzemla.

A kwarin nan kaf, in ba kamfani ba, wuri ɗaya ne ake yin wuta, kuma ko 'yan tagwayena sun san wanda ke riƙe da makullin wurin. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan wannan.

Har yanzu ankon bikin ranar Asabar ne a jikina, bikin tunawa da wata tsohuwa da ta rasu. Ni na ɗinka wa rabin ƙauye shi, da hoton marigayiyar a ƙirji tana murmushi. Duk wanda ya wuce a barandar nan sai ya kalli tsohuwar kafin ya kalle ni.

Talata 14, da azahar

Bai farka ba.

Alhamis 16, da safe

Bai farka ba. Likita ya ce numfashinsa ya gyaru, amma hannun dama bai yi masa ba. Na tambaye shi me yake nufi da bai yi masa ba, sai ya duba agogo.

Surukata, Ma Rosine, ta shimfiɗa tabarmarta kusa da tawa tun ranar farko. Tare muke kwana, tare muke tashi, amma ba ta cin abin da na dafa. Tun da na haifi tagwaye take ce mini Magne kamar kowa, wato uwar tagwaye, shi kuma ɗanta Tagne, uban tagwaye, kuma a da in ta faɗi sunan har daɗi nake ji. Yau ta ce, "Magne, wai babanki ya manta hanyar asibitin Dschang ne? Ko mashin ya ƙare a ƙauyenku?"

Na ce, "Mama, ƙafarsa ce ke damunsa."

Ta ce, "Ƙafar da ke sauka rafi sau nawa a yini? To Allah ya ba shi lafiya, shi da ƙafar."

Ni da bakina ba ya mutuwa a kasuwa, na zauna ina cire zare daga gefen zanina kamar wata sakarai.

Juma'a 17, da yamma

Ina so in rubuta wani abu game da injin wutar ƙauyenmu, ko zuciyata ta rage tafasa.

Ina yarinya Baba ya tara mutanen Nzemla suka tare rafi. Mu yara mun ɗebo duwatsu a ka har wuyanmu ya ƙage. Mutane sun yi masa dariya son ransu, wai Temgoua zai matso wuta daga cikin ruwa. Ranar da ƙwan lantarki na farko ya kama a coci, waɗanda suka fi dariyar su suka fi rawa. Da wutar nan na koyi ɗinki, da ita aka karɓi haihuwar tagwayena. Ba ta da ƙarfi sosai, in mai niƙa ya tayar da injinsa ƙwai sai ya yi ja, amma tamu ce, kuma ba ta tafiya sai Baba ya ce ta tafi.

Bara waccan kamfani ya iso da falwayoyinsa. Aka zauna aka shirya cewa za a haɗa injinmu da wayarsu, abin da ya yi saura ya gangara musu, in namu ya gaza nasu ya cike. An yanka akuya, an sha bammi. A cikin masu jan wayar har da Anicet, yana ta washe baki wai yanzu shi da surukinsa abokan aiki ne.

Sai suka kafa akwatinsu a ɗakin injin, da kwaɗo. Aikinsa ɗaya ne: duk lokacin da kamfani ya ɗauke wuta, shi ma ya yanke injinmu daga waya. Sun ce don kada wutarmu ta bi layi ta samu ma'aikaci a sama. To kamfani kuwa ɗauke wuta ba ya yi masa wuya. Ruwa na gudu, inji na juyawa, mu muna zaune da aci-balbal kamar zamanin kakanni. Wa za a zaga? Baba. Mai firji ya zage shi, mai aski ya zage shi, ni kaina na taɓa tsayawa a kansa da ɗinkin amarya a hannu ina ce masa gara jiya.

Tsohon makunninsa na da, mai mariƙin katako, bai taɓa cire shi ba. Yana bayan buhunan siminti. In ya ɗaga shi, wuta ta zagaye akwatin ta fita.

Anicet ya gano. Sun yi cacar baki har na shiga tsakani da muciya a hannu. A ƙarshe suka shirya a junansu: duk ranar da zai hau layin kwarinmu zai kira Baba ya ce zan hau, in ya gama ya kira ya ce na sauka. Tsakanin kiran nan biyu Baba ba zai taɓa makunnin ba. Haka suke yi, kuma kowa ya samu lafiya.

Zuciyar ba ta rage komai ba.

Lahadi 19, bayan coci

Tsafack ya zo, mai bikin. Ɗan kasuwa ne a Douala, shi ya tara duniya ranar Asabar don bikin tunawa da mahaifiyarsa da ta rasu shekarun baya. Ya shigo barandar asibiti da ƙamshin turarensa da yara biyu ɗauke da katan ɗin lemo. Na duba sarai, ragowar na bikin ne.

Ya gaishe da Ma Rosine har ƙasa, sannan ya ja ni gefe.

"Magne, 'yar'uwa, wannan abu ya taɓa mu duka. Kwamitin wuta ya zauna. Akwatin kamfani ne ya lalace, kowa ya san kayansu ba su da aminci."

Na ce, "Kowa ya sani?"

"Kowa. Samari sun gyara ɗakin injin tsaf, babu wani tarkace a ciki. Ke dai in an tambaye ki, kina wajen tukwane, ba ki ji komai ba. Babanki tsoho ne, ba zai iya kwanan gidan yari ba. In kuma suka rufe injin, ƙauye duka ne ya mutu."

Na ce, "Yallaɓai, lasifikarka dai ta yi magana ranar nan, ko? Baƙin Douala ba su sha lemo da zafi ba?"

Ya ce ba ya ɗaukar maganar mace mai baƙin ciki da zafi. Na ce ya ɗauki lemonsa dai, wannan zai iya ɗauka. Bai ɗauka ba. Ma Rosine ta raba wa masu jinya, ita ko kwalba ɗaya ba ta taɓa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk abin da ya faɗa game da Baba gaskiya ne.

Litinin 20, da hantsi

Bai farka ba. Na wanke ankon na ba wata mai jinya ta yi tsumma da shi.

Laraba 22, da azahar

Kamfani ya turo mai bincike, wata Madam Ebode, 'yar kudu, gajeriya mai takalmin maza. Na shirya mata baƙar magana tun daga nesa, sai ta zauna a kan tabarmata ta tambayi sunan tagwaye. Duk shirina ya watse.

Ta ce ta je inda abin ya faru. Ƙa'idarsu ita ce kafin mutum ya taɓa waya sai ya rataya mata sarƙa ya haɗa ta da ƙasa, gabansa da bayansa, ko da wuta ta zo ta bi sarƙar ta nutse. Anicet ya rataya ta gaba, ta ɓangaren gari. Ta baya tana cikin jakarsa a naɗe.

"Ba shi kaɗai ba ne," in ji ta. "Duk tsofaffin ma'aikatanmu haka hannunsu ya saba. Sun tashi sun ga wuta daga gari take fitowa ta tafi ƙauye, hanya ɗaya. Yanzu ƙauye ma yana turowa, amma har yau ba su saba juya baya ba."

Sai ta dube ni ta faɗa mini yadda abin yake, ba ta ɓoye komai ba. In Anicet ya sanar da mai kula da injin cewa yana sama, aka kuma kunna duk da haka, to magana ta bar hannunta ta koma ta jandarma. In kuwa bai sanar da kowa ba, ga sarƙa kuma bai sa ba, kamfani zai ce sakacinsa ne, ya sallame shi, ya janye hannu daga jinyarsa. Wayarsa ta hannu ta ƙone a aljihu. Mutanen ƙauye duk bakinsu ɗaya.

"An ce kina kusa da mahaifinki a wajen bikin. Kin ji an kira shi?"

Na ce ganguna sun yi yawa.

Ta ce, "Haka ne, bikinku akwai ganguna. Zan jira ya farka."

Ko mijina ko ubana. Na juya abin ta kowane gefe kamar yadin da bai kai ba, in na rufe kafaɗa sai gwiwa ta fito.

Alhamis 23, da yamma

Sun yanke hannun dama, ƙasa da gwiwa kaɗan. Ni na sa hannu a takardar. Na hagu sun ce za su gani.

Asabar 25, da la'asar

Na je Nzemla in ga yara, na kuma sauka rafi. Tun daga kan tudu na san inji a tsaye yake, don babu wannan gurnanin da na tashi da shi a kunne. Baba ya rufe ƙofar ruwa, rafin yana zuba ta gefe.

Yana zaune a kan dutse a bakin ɗakin. Ubana da ba ya fita ba hula, na same shi kai a buɗe, gemu duk ya fito fari. Kwanon sakwarar gwaza da ƙanwata ta kawo masa yana gefe, ƙudaje sun gama da shi.

Na ce, "Baba, sannu da gida."

Ya ce, "Hannun fa?"

Na nuna masa a jikina inda aka yanke. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Yana tambayata?"

"Bai farka ba, Baba."

"In ya farka zai tambaya."

Na ce ya ci abinci, ya ce ya ci. Na ce ƙudaje ne suka ci. A da zai yi dariya ya ce bakina irin na uwata ne. Yau cewa ya yi in tafi kada mashin ya ƙare.

Tunda babu mai karanta littafin nan sai ni, bari in ajiye abin a wuri ɗaya ko na samu barci.

Ranar bikin ina tsaye a kan Baba ina zuba masa miya lokacin da wayarsa ta yi ƙara. Ganguna ba su hana ni ji ba. Na ji muryar Anicet, har ya tsokane shi ya ce a ajiye masa cinyar akuya. Baba ya ce, "Hau, ɗana, ba na taɓawa sai ka kira." Wannan da hantsi ne.

Rana ta yi tsaka babu wuta. Injin da Tsafack ya yi hayarsa daga gari ya yi tari ya mutu. Lasifika shiru, ƙanƙara ta narke, ga baƙi cike da rumfa, ga lokacin da 'ya'yan marigayiya za su fito rawa ya matso. A wurinmu an san abin da ake faɗa a kan wanda aka yi bikin uwarsa shiru, har jikokinsa sai an goranta musu. Tsafack ya zo, dattawa suka zo, har matan suka zo. Suna ce masa yaron nan ai ya gama tuntuni, ya manta ne bai kira ba. Gyaran waya ɗaya ne zai cinye yini? Baba ya kira shi, ya sake kira, ba ta shiga, a kwanar gadar nan waya ba ta cika kamawa ba. Wani ya ce ya ga motar kamfani ta wuce gari. Wata ta ce shekara nawa Temgoua ya yi yana cin goron ƙauyen nan.

Na ga ya ajiye cokali ya miƙe. Na ga ya nufi hanyar rafi. Da wuta ta kawo, rumfa duka ta ɗauki guɗa.

Ina jin haushinsa, kuma ina tausayinsa. Ban san mutum zai iya ɗaukar biyun tare ba.

Lahadi 26, da safe

Tagwaye sun tambaye ni ko hannun babansu zai sake tsirowa. Na ce su je su ɗebo ruwa.

Talata 28, da hantsi

Ya farka.

Ma Rosine ce ta fara gani, ta zube a ƙasa tana kiran sunan Allah. Ni na tsaya riƙe da ƙarfen gado. Ya dubi silin, ya dube mu, ya dubi hannun hagu da ke naɗe kamar ƙullin alale, sannan ya juya dama. Ya daɗe a can.

Da ya yi magana, muryar kamar ta wanda ya sha hayaƙi, cewa ya yi, "Magne, wane tela ne ya yi mini wannan aikin? Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, nas ta kore ni waje.

Laraba 29, da yamma

Na jira uwarsa ta tafi wanka, na faɗa masa komai: Tsafack da lemonsa, maganar akwati, Madam Ebode da sarƙarta, abin da zai biyo baya in ya ce ya kira, da abin da zai biyo baya in ya ce bai kira ba. Ban rage ba, ban ƙara ba. Na ba shi kunu a cokali ina faɗa, don in samu inda zan ajiye idona.

Ya ce, "Tsohon yana cin abinci?"

Na ce a'a.

"Ya zo?"

"Kunya ta hana shi."

Kunun ya huce a hannuna. Can ya ce, "Sarƙar tana jakata, Magne. Na ciro ta, na ce Baba ya ce ba ya taɓawa, na mayar. Reshen ne ya ja mana lokaci, sai da muka aika mota gari ta ɗauko zarto."

Na ce, "Tagne, ban roƙe ka komai ba. Ka ji ni da kyau, ban roƙe ka ba."

Ya ce, "Na ji. Ba ni kunun."

Ƙarya nake, ko ban buɗe baki ba duk jikina roƙo yake yi. Sai dai ni kaina ban san me nake roƙo ba.

Juma'a 31, da azahar

Madam Ebode ta zo da wani mai rubutu. Ta ce mu fita, Anicet ya ce a bar matarsa da uwarsa.

Ta tambaye shi ko ya kira wani a Nzemla kafin ya hau. Ya ce a'a. Ta sake tambaya a hankali, ta ce ya san abin da amsar nan za ta jawo masa? Ya ce ya sani, bai kira kowa ba, gaggawa yake yi ya je ya ci akuyar biki. Ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta ce ranar Talata za ta kai rahotonta.

Suna fita Ma Rosine ta tashi a kaina. A gaban masu jinya, a gaban nas, ta wanke ni tas. Ta ce na ci hannun ɗanta ban ƙoshi ba, yanzu na zo cin aikinsa. Ta ce me zai ciyar da tagwaye da shi, da dungu? Ta ce gidanmu gidan masu kashe mutum ne su je rawa.

Anicet ya ce, "Mama, ya isa. Ita ba ta ce komai ba."

Ta ce, "Ai shi ne. Ba ta ce komai ba."

Ta naɗe tabarmarta ta koma can ƙarshen baranda. Ban ga laifinta ba. Da ɗana ne, da abin da zan yi ya fi haka.

Baba ya tsira. Na rubuta, na karanta, ban ji komai ba sai nauyi.

Lahadi 2 ga Fabrairu, da la'asar

Na sake sauka rafi na faɗa masa. Na ɗauka zai yi ajiyar zuciya.

Ya ce, "Ya ce bai kira ni ba?"

"Haka ya ce."

"A gaban hukuma?"

"A gabansu, Baba. Magana ta ƙare. Ka tashi ka yi wanka ka ci abinci, kada wahalarsa ta tashi a banza."

Ya ce, "Za su kore shi."

Na ce za mu san yadda za mu yi, ina da keke. Sai raina ya ɓaci, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce an ba shi kyauta ya karɓa ya yi shiru, ko sau ɗaya a rayuwarsa ya bar wani ya yi masa wani abu. Na ce taurin kansa ne ya kawo mu nan.

Bai yi fushi ba. Tambayata ya yi ko na san inda samari suka jefa tsohon makunnin. Na ce ban sani ba, kuma ba na son in sani.

Litinin 3, da safe

Likita ya ce na hagu zai zauna, yatsu uku za su yi aiki in an yi haƙuri. Ba yanzu ba.

Talata 4, da yamma

Ina wanke kwanuka a famfon asibiti da safe sai ga Madam Ebode. Ta ce in zo in zauna.

Ta ce da ta iso ofis ta tarar da wani tsoho a bakin ƙofa, cikin kwat da hula, da buhu a gabansa. A cikin buhun akwai makunni mai mariƙin katako, duk laka. Ya ce mata sunansa Temgoua, shi ke kula da injin Nzemla, akwatinsu lafiyarsa lau. Ya ce surukinsa ya kira shi, ya ce masa hau, sannan ya je da ƙafarsa ya kunna. Ya miƙa mata wayarsa ta ga kiran. Ta tambaye shi ko wani ya matsa masa. Ya ce hannu ɗaya ne ya ɗaga makunnin, kuma ga shi.

Ta ce ta ba shi kujera da ruwa, ta ce ya je gida ya yi tunani. Ya ce ya gama tunanin, in ba za ta kira jandarma ba ta nuna masa hanya.

"Maganar mijinki ta ranar Juma'a," in ji ta, "maganar mutum ce da allura ba ta sake shi ba. Ba zan kai ta gaba ba. Za a ja masa kunne kan sarƙar, amma jinyarsa tana kanmu, kuma za a nema masa aikin zaune."

Na tambaye ta injin fa. Ta ce an sa masa hatimi har sai an kafa abin da babu mai iya zagaye shi, kuma ba ta san yaushe ba.

Na yi mata godiya. Ban san ko abin godiya ba ne, amma bakina ya saba.

Da na faɗa wa Anicet, ya juya fuska bango. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Tsohon nan bai taɓa jin magana ba. Na ce masa kada ya taɓa, ya taɓa. Na ce a bar shi, ya ƙi baruwa." Ba shi da hannun share fuska, ni na share masa.

Ma Rosine ta dawo da tabarmarta kusa da tawa.

Laraba 5, da hantsi

Babu wanda ya zo daga Nzemla. An ce Tsafack ya koma Douala. An ce a kasuwa ana cewa Temgoua ya jefa ƙauye cikin duhu don ya wanke kansa.

Alhamis 6, da azahar

Jandarma sun ce a wurinsu ba a ba tsararre abinci, sai danginsa sun kai. Na dafa a murhun bayan asibiti, gwaza da miyar manja, na zuba kwano biyu. Ma Rosine zazzaɓi ya kwantar da ita tun jiya, ba ta iya ɗaga kai. Ofishin jandarma yana can ƙarshen gari, asibiti yana wannan ƙarshen, kuma duka biyun lokacin shiga ɗaya ne.

Na shiga ɗaki da kwanukan a ɗaure a zani na tsaya. Na kasa ajiyewa, na kasa fita.

Anicet ya dubi ƙunshin ya ce, "Na waye ɗayan?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Me kike jira? Fara kai masa, ba ya son miya ta huce."

Na ce, "Kai fa? Tun safe ba ka ci komai ba."

Ya ɗaga abin da ya rage masa na hannu ya ce, "Ni ina za ni, Magne? Rufe nawa ki ajiye. Ko kin buɗe mini shi ba zan iya ci ba sai kin dawo."

Na rufe na ajiye masa a kan kujera, na fita neman mashin.